Ba ni da rajistar TRCN, mai makaranta zai iya korata?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni malama ce a wata sakandare mai zaman kanta, shekarata shida ina koyar da kemistiri. Digirina na kemistiri ne zalla, ban yi NCE ba, ban kuma yi wani kwas na koyarwa ba. A taron ƙarshen zango mai makarantarmu ya ce duk wanda bai kawo takardar TRCN ba kafin a dawo hutu, ya nemi wani wurin. A ɗakin malamai kowa da abin da yake faɗa. Wasu sun ce wannan ta malaman gwamnati ce, ba ruwanmu. Wasu sun ce hanyar tatsar kuɗi ce kawai. Wani kuma ya ce ya san wanda zai fito mana da takardar ba tare da jarrabawa ba, in an ba shi na goro. Don Allah me doka ta ce?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Zan fara da abin da ba zai yi miki daɗi ba. A kan maganar rajista, doka tana bayan mai makarantarku. A kan yadda zai raba ki da aiki kuwa, hannunsa ba a sake yake ba kamar yadda yake tsammani.

Hukumar Rajistar Malamai ta Najeriya, wato TRCN, an kafa ta ne da Dokar Soja mai lamba 31 ta 1993, wadda yanzu take a kundin dokokin tarayya na 2004 a matsayin babi na T3. Tana ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya. Ita doka ta ba ikon faɗin wane ne malami, wane ilimi da ƙwarewa zai mallaka kafin a kira shi haka, da kuma riƙe kundin sunayen malamai. Dokar ba ta ware makarantar gwamnati daga ta kuɗi ba, ba ta kuma ware firamare daga sakandare ba. Saboda haka masu cewa ba ruwanku sun yi kuskure. Akwai kuma wani ruɗanin da ya yawaita tsakanin malaman gwamnati: ana cire musu kuɗin NUT a albashi, sai su ɗauka shi ne rajista. NUT ƙungiyar ƙwadago ce mai fafutukar haƙƙin malamai. TRCN hukumar gwamnati ce mai ba da izinin yin sana'ar. Katin ɗaya ba ya tsayawa a madadin takardar ɗayar.

Sashe na 17 na dokar ya mayar da koyarwa don albashi ba tare da rajista ba laifi, kuma hukuncinsa na iya kai wa tarar naira 5,000, ko ɗaurin shekara biyu, ko a haɗa duka. Na san za ki yi murmushi da jin adadin tarar, kuɗin 1993 ne da ba a taɓa ba. Kuma gaskiya ne aiwatar da dokar ya yi ta tafiyar hawainiya. An sa ranar 31 ga Disamba 2019 a matsayin wa'adin fitar da malamai marasa cancanta daga aji, wa'adin ya zo ya wuce, ga ki nan kina koyarwa. Wannan ne ya sa ban ga laifin abokan aikinki da ke ƙorafi ba. Malamin da ya biya kuɗin rajista, ya biya na sabunta lasisi, albashinsa bai motsa ba, ya kuma ga wanda bai yi komai ba suna shiga aji tare, dole ya tambayi amfanin abin. Sai dai sakacin masu aiwatar da doka ba ya soke ta. Ranar da aka tsaya gaban alƙali, abin da ke rubuce za a karanta.

Matsalarki ta wuce zuwa ki cike fom. Hukumar ta kasa malamai rukuni huɗu: A na masu digirin digirgir, B na masu digiri na biyu, C na masu digirin farko, D na masu NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a ƙasar nan. A kowane rukuni ana so ko dai digirin ya zama na fannin ilimi, ko a haɗa shi da shaidar koyon aikin koyarwa. Digirin kemistiri zalla ba ya shigar da ke ko ɗaya, komai ƙwarewarki a gaban allo. Hanyar da aka saba bi ita ce difilomar koyarwa ta bayan digiri, PGDE, ko takwararta PDE. Jami'o'i da dama suna yi, Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, mai hedikwata a Kaduna tana yi a cibiyoyinta na jihohi, Jami'ar Karatu Daga Gida ta NOUN ma tana yi, kuma an tsara wasunsu ne don mai aiki. Kafin ki biya ko sisi, ki tabbatar daga ofishin TRCN na jiharku cewa sun amince da kwas ɗin wurin. Bayan difilomar sai jarrabawar cancanta da hukumar ta fara a 2017, wadda ake yi a kwamfuta. In kin ci, a ba ki takardar rajista da lasisi, shi kuma lasisin ana sabunta shi duk shekara uku.

Kin ga ke nan wa'adin da mai makarantarku ya ba ku, hutu guda, ba ya isar mai irin takardunki. Abokiyar aikinki mai NCE tana iya yin rajistar jarrabawa ta jira zama na gaba. Ke kuwa karatu ne a gabanki kafin ma a kai ga jarrabawa.

To, zai iya korar ki? A ɗauko takardar ɗaukar ki aiki, don ita ce alƙalin farko. Idan an rubuta a ciki cewa sharaɗi ne ki mallaki rajista, ko ki kawo ta cikin wani lokaci, kin sa hannu, to matsayinki ya yi rauni. Idan babu wannan, labari ya sauya. Ya ɗauke ki yana riƙe da takardunki a hannu, ya ga abin da ke ciki da abin da babu, ya kuma ci moriyar aikinki shekara shida. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ba zai wayi gari ya mayar da rashin rajistar laifin da ake kora nan take ba, kamar sata ko dukan ɗalibi. Yana da ikon kawo ƙarshen aikin, amma sai ya ba ki sanarwar da yarjejeniya ta tanada, ko ya biya ki albashin tsawon sanarwar, sannan ya biya duk bashin albashi da haƙƙoƙin da kika tara. In babu rubutacciyar yarjejeniya, kotu kan nemi sanarwa mai ma'ana. Dokar Ƙwadago, a sashe na 11, ta sa wata guda ga wanda ya yi shekara biyar zuwa sama. Lauyan makaranta zai iya cewa wannan doka ba ta shafi masu aikin ƙwararru ba, hujja ce da ake kawowa, amma mai karɓar albashin wata-wata da ta shekara shida, zai yi wuya a shawo kan alƙali cewa ƙasa da wata guda ya wadatar.

Wurin kai ƙara shi ne Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda sashe na 254C na tsarin mulki ya keɓe wa shari'o'in aiki. Kada ki sa rai za ta mayar da ke bakin aiki. A aikin da ba na gwamnati ba, kotu ba ta cika tilasta wa mai aiki riƙe wanda ba ya so ba, diyya take bayarwa. Kotun a shekarun nan takan tambayi dalilin sallama, amma rashin lasisin da doka ta wajabta dalili ne da zan yi mamaki in ta ƙi karɓa. Malaman gwamnati nasu daban ne, akwai ƙa'idojin aikin gwamnati da dole a bi, daga takardar tuhuma zuwa damar kare kai. Ko a can ɗin ma an ga yadda ta kaya a Kaduna a 2017, lokacin da malaman firamare sama da 21,000 suka faɗi jarrabawar gwajin da jihar ta shirya. Babbar hujjar NUT a lokacin ita ce TRCN kaɗai ke da hurumin gwada malami. Hukumar da ake ƙorafi a kanta a ɗakin malamai, ita aka nemi a fake da ita ranar da ta ɓaci.

Shi kuma mai na goro, ki nisance shi. Sashen nan na 17 ya haramta yin ƙarya don samun rajista, ƙirƙirar takardar bogi da amfani da ita kuma laifi ne mai zaman kansa a kundin hukunta laifuka na Final Kod, mai nauyin da ya fi tarar naira 5,000 nesa ba kusa ba. Takardar tana ɗauke da lamba, ana iya duba ta a kundin hukumar. Yau abin da ake tuhumar ki da shi rashin takarda ne, wanda ke da magani. In aka kama ki da ta bogi, kin ba mai makaranta dalilin kora nan take ba sanarwa ba ko kwabo, kin kuma ɓata sunanki a wurin hukumar da za ki koma nema daga baya.

Shawarata, kada ki jira a dawo hutu. Ki nemi gurbin PGDE yanzu. Da takardar shaidar shiga ko rasidin fom a hannu, ki rubuta wa mai makaranta wasiƙa cikin ladabi, ki ce kin karɓi umarninsa, ga matakin da kika ɗauka, kina roƙon a ba ki lokaci zuwa ƙarshen kwas da jarrabawa. Ki sa a buga hatimin karɓa a kwafinki. In ku da yawa ne, ku rubuta tare, domin malamin kemistiri ba a tsintarsa a bakin titi, shi ma ya san haka. In ya amince, a rubuta, kada a bar shi a baki. In ya ƙi, kada ki sa hannu a takardar ajiye aiki ko da an ce don a rufa miki asiri ne, domin wanda ya ajiye da kansa ya yafe kuɗin sanarwa. Ki bari shi ya rubuta takardar sallama. Ki haɗa ta da takardar ɗaukar aiki, da bayanan shigar albashi daga banki, da duk saƙon da aka turo a zauren WhatsApp na malamai game da wa'adin, ki kai wa lauya kafin ki karɓi wani kuɗi da za a ce na sallama ne.