Jan Waken Gwangwani da Salak ɗin da Ya Ci Mini Jari

Jiya muna kwashe tukwane ka ce mini, "Oga, jan waken nan na gwangwani, sai an sake dafa shi kafin a zuba a salak, tunda zafi ya shigo?" Ban amsa maka a lokacin ba saboda raina ne ya ɓaci, ba da kai ba, da abin da ka tuna mini.

Dafaffe ne. A cikin gwangwanin aka dafa shi tun a masana'anta, shi ya sa yake shekara a kan kanta bai lalace ba. Ka sake ɗora shi a wuta, fate za ka sauke. Wanda ake tsoro shi ne busasshensa na buhu: sai an jiƙa shi awa 5 ko fiye, a zubar da ruwan, a tafasa shi da wuta mai ƙarfi aƙalla minti 10 kafin a rage, don ɗanyensa ƙwaya 4 ko 5 sun isa su sa ƙato amai da gudawa. Ba irin farin wakenmu na garau-garau ba ne. Yadda ake buɗe gwangwani da yanka kabeji kuwa, in sai na koya maka, gara ka koma sayar da rake a Agege.

Ruwan cikinsa shi ne abokin gaba. Wannan jan ruwan mai yauƙi, gishiri ne da sitaci. Gwangwanin giram 400, in ka tsiyaye, waken bai wuce 240 ba, sauran duk ruwa ka saya. Ka juye a gwagwa, ka ɗauraye har kumfar ta ɗauke, ka bar shi ya tsane sarai, sarai nake faɗa, har ka damƙa hannunka bai jiƙe ba.

Wata Hajiya ce ta aurar da 'yarta, walima a Lekki, cikin watan Maris, lokacin da ko ƙarfe bakwai na safe riga manne take a baya. Mutum 300. Jalof, kaza, soyayyar shinkafa, da salak mai jan wake, wai ta ci irinsa a Dubai. Ta ba ni rabin kuɗi, ta ce sauran bayan taro. Da wani ne da ban yarda ba, amma 'yar garinmu ce, sahu ɗaya muke sallar Juma'a da mijinta, kunya ta hana ni. Na shiga Mile 12 da asuba na zaɓo kabeji da karas da kokwamba 'yan Jos, sababbin sauka, gwangwanaye kuma katan biyu daga Oke-Arin, kowanne na juya shi na duba kwanan wata da lambar NAFDAC. Babu mai kumburi, babu lotsattse. Har nan ban yi laifi ba.

Sai ta bugo waya da daddare, wai a haɗa salak ɗin tun a gida, a zuba bama, a jera a tire, don mai hoto zai ɗauka kafin baƙi su iso. Na ce Hajiya, bama da zafin Legas ba sa ga maciji, a bari in haɗa a can. Ta ce, "Malam, kuɗina ne ko naka?" To, mai kuɗi ya yi magana. Na bi.

Kuskurena na biyu, na bar wa wani yaro buɗe gwangwanayen, irinku, hannu ɗaya a aiki ɗaya a waya. Ya huda, ya ɗan karkata su ruwan sama ya zuba, ya antaya waken cikin baho da sauran yauƙinsa. Ni ina can bakin kaskon kaza ban gani ba. Ƙarfe tara muka ɗaura kaya a mota, ƙanƙarar da muka samu rabin ta narke don an kwana babu wuta. Muna hawa gadar Third Mainland muka tarar da cunkoso, wata tirela ta mutu. Awa uku da rabi muna kan ruwa, rana na dukan rufin mota. Ƙa'idar da duk mai abinci ya sani ita ce, abu mai bama ba ya wuce awa 2 a waje, in zafi ya haura digiri 32 kuwa awa ɗaya ce tak. Ina zaune ina lissafin nan ina kallon agogo kamar mai jiran hukunci.

Da muka isa na ɗaga ledar tiren farko, wallahi har yau ina jin warin. Gishirin ruwan waken ya zuƙo ruwan kokwamba da kabeji, bama ta tsinke ta zama ruwan hoda, tana 'yar kumfa a gefe, ƙwai na iyo a ciki. Tire goma sha biyu. Da hannuna na kai su bola, don ba zan kwantar da mutum 300 a asibiti ba.

Jalof da kaza kuwa an cinye tas, har ƙanzo 'yan'uwan ango suka ƙulla a leda. Amma da na je karɓar cikon kuɗina, sai Hajiya ta ce na kunyata ta a gaban surukai, ba ta ba ni ko sisi. Ba kuɗin salak kaɗai ba, duka. Na ce ke kika ce a haɗa. Ta ce, "Kai ne mai sana'a, me ya sa ka yarda?" Abin da ya fi ƙona ni shi ne a nan ta fi ni gaskiya. Na yi zarya sau shida, na kai maganar wurin dattawan unguwa, aka ce in yi haƙuri, zumunci. Firizata ta biyu na sayar na biya mai kaji.

Saboda haka a wurina wake dabam, ganye dabam, bama a kwalbarta cikin kula mai ƙanƙara, ba a haɗawa sai baƙo ya zauna. In ma son samu ne, lokacin zafi ka manta da bama. Ka yi masa kwaɗo: dakakken ƙuli, man gyaɗa, albasa, tumatir, lemon tsami, ɗan yaji. Ya fi jure rana, kuma mutanenmu sun fi lashe kwano. A dafa-duka kuwa sai ka kusa saukewa za ka watsa shi, ya ɗumama kawai. Wanda ya rage kada ya kwana a gwangwani, roba mai murfi, firij, kwana biyu, in an ɗauke wuta cikin dare ka ba kaji.

Ku yaran yanzu kun ga bidiyon minti ɗaya na wata Baturiya da ke girki a garin da ake sa rigar sanyi, kun ɗauka kun iya. Ita NEPA ba ta ɗauke mata wuta.

Hajiyar nan bara ta aiko direbanta, ƙaramar 'yar za ta yi aure. Na ce ya gaya mata a fara kawo tsohon ciko. Je ka ɗauko gwagwar nan, tana bayan buhun shinkafa.