Amsa ga mai Hilux ɗin da sitiyarinta ke karkarwa in an taka birki

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, da na ga tambayarka sai da na ajiye kofin shayina. Ka ce Hilux ɗinka tsohuwa ce, in ka taka birki sitiyari ya hau karkarwa, in ka faɗa rami kuma ka ji ƙwas-ƙwas daga gaba, makanike ya ce sai ka sayi sabbin disk, wato faifan ƙarfen birkin gaba. Wallahi tamkar tawa kake faɗa. Don Allah kada ka fitar da ko dala sai ka ɗaga motar nan ka girgiza tayar gaba da hannunka.

Tawa mai injin da ake kira 5L ce, da ita nake jigilar hatsi tsakanin Tanut da Damagaram. Da ta fara wannan rawa na kai ta wajen wani makanike da muka shekara bakwai tare, mutumin da na halarci sunan ɗansa. Ko ƙarƙashin motar bai leƙa ba, ya ce disk ne sun lanƙwashe. Ya kai aka kankare su a inji. Wata biyu rawa ta dawo. Ya ce ai sun yi siriri, sai a canza. Na ba shi jika arba'in, ya kawo min wasu suna ƙyalli a cikin kwali. Daga baya na gane na kas ne, wato waɗanda aka ciro daga matacciyar mota, aka goge aka shafa musu mai. Duk tsawon lokacin nan ina ce masa, Malam, ƙarar nan ta gaban dama fa? Sai ya ce tsohuwar mota ai ba ta rasa tari.

Ranar da abin ya faru muna dawowa daga Tanut da buhunan gero, bayan la'asar, mun wuce matatar mai kaɗan. Wani yaro ya koro awaki kan kwalta, na taka birki da ƙarfi. Na ji wani gau, gaban dama ya durƙusa kamar raƙumi, taya ta kwanta a ƙarƙashin mota. Rotil ɗin ƙasa, wato gaɓar ƙarfen da ke riƙe ƙafar taya, shi ne ya fita daga gurbinsa. Motar ta ja mu cikin rairayi, aparantina da ke zaune kan buhuna ya wuntsilo ƙasa, kafaɗarsa ta goce. Yaron awakin yana tsaye yana kallona, ni kuma ƙafata ta ƙi daina rawa. Nan muka kwana. Har yau in na bi wurin sai na ji bakina ya bushe. Da na kira makaniken, abin da ya iya ce min shi ne ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, amma wanda ya karɓi kuɗina sau biyu bai taɓa kama tayar ya girgiza ba fa? Ko sannu bai zo yi wa aparantin nawa ba. Muna haɗuwa a masallacin Juma'a, mu gaisa, iyakarta ke nan.

To, ga abin da wani dattijon makanike ya koya min bayan an jawo motar. Fara lura da lokacin da rawar ke zuwa. In sai ka taka birki take zuwa, kuma kana jin ta a sitiyari, disk na gaba ne ake zargi. In kana gudun kilomita 80 zuwa 100 ba ka taɓa birki ba tana yi, wannan taya ce ko janti ya lanƙwashe, ka je a daidaita. In fedal ne ke bugun ƙafarka sitiyari kuwa shiru, duba tambur, wato gangar birki ta baya: a fili mara mutane, kana tafiya a hankali, ja birkin hannu kaɗan-kaɗan, in daga baya ne za ka ji.

Sai ka sa kirik ka ɗaga gaba, ka tokare da ƙarfe ko gungume, kada ka amince wa kirik shi kaɗai, balle a rairayinmu. Kama taya sama da ƙasa ka girgiza. In tana wasa, sa wani ya danne birki ka sake. Wasan ya ɓace? Rulma ne, wato zoben ƙwallayen ƙarfe da taya ke juyawa a kai. Bai ɓace ba? Rotil ne, kuma kada ka sake ɗora mata kaya sai an canza. Sannan ka kama ta hagu da dama. Wasan da ke nan na rotil ɗin sandar sitiyari ne. Rotil na ƙasa yakan ɓoye wasansa, sai an zura dogon ƙarfe ƙarƙashin taya an ɗaga ana kallo. In robarsa ta yage, ƙura ta shiga ta haɗu da giris, ta zama kamar dutsen niƙa.

Ni rulma na ne ya saki, shi ya sa disk ke lilo tsakanin plaket, wato takalman birki da ke matse shi, yana cinyewa gefe da gefe. Ko sabo fil aka sa, haka zai ƙare. Rulman tsofaffin nan ana ɗaure shi da goro, ba lallai a saya ba in bai ci wuta ba. Kuma in mai jan taya huɗu ce (4x4) irin tawa, disk ɗin a bayan kan taya yake, dole a kwance duka kafin a fitar da shi, don haka a wanke rulma a sa sabon giris lokaci guda.

Maganar kankarewa kuwa, a jikin kowane disk an buga mafi ƙarancin kaurinsa da milimita. Ka sa a goge tsatsa a karanta maka, a auna a gabanka. In ya kai nan, ba sauran kankara. Wanda ya yi shuɗi-shuɗi ko ya tsattsage shi ma ya tafi. Biyu ake canzawa tare, da sabbin plaket, a kankare tsatsar mazauninsu, a ɗaure gorunan taya a gicciye. Af, na manta: bayan tafiya kusanta hannunka ga jantunan gaba, kada ka taɓa. In ɗaya ya fi zafi, ko mota na ja gefe guda, fistan ɗin etiriye, wato ƙarfen da ke matse plaket a kan disk, shi ne ya cije, shi ma yana gasa disk.

Mu ma muna da laifi, a faɗi gaskiya. Motar da aka yi don tan ɗaya mu ɗora mata biyu, mu sauko da ƙafa a kan birki maimakon mu rage giya. Ni yanzu buhu goma sha biyu in aka ce in ƙara, sai in ce a nemi wata motar. Man birki ma na daina sayen na kwalba a bakin hanya, DOT 3 ko DOT 4 a rufe nake nema.

In an canza rotil, ka je a yi paralelisim, wato a saita tayoyin gaba su miƙe daidai, in ba haka ba tayarka ta cinye ta gefe ɗaya. Ka gaya mana, ƙarar daga dama take ko hagu, kuma taka mai jan taya huɗu ce? Aparantin nawa ya warke, alhamdu lillahi, amma ya koma tuƙa adaidaita, ya ce shi da bayan Hilux har abada.