Amsoshin Tambayoyinku: Keken da Za Ka Saya da Wanda Za Ka Guda

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 wasiƙun keke suka yawaita a wannan fili. Da can yara ne ke tambaya, yanzu har da magidanta masu furfura. Ga waɗanda na zaɓo a wannan makon.

Wani tela daga Agege ya rubuto: "Malam, kuɗin mota zuwa shagona a Ikeja ya ishe ni. Na tara naira dubu 250. Keken tsere zan saya ko mai manyan tayoyi?"

Ɗan'uwa, ka manta da keken tsere. Siririyar tayarsa ba ta shiri da ramukan hanyarka, kullum kana wurin mai faci. Mai manyan tayoyi masu kaushi kuma don daji aka yi shi, a kan kwalta ƙarfinka kawai zai sha. Nemi na tsakiya, mai miƙaƙƙen kai da taya mai faɗin milimita 32 zuwa 38, wanda za a iya ɗaura masa kariyar ɗora kaya da madigadi saboda ruwan Yuni da Yuli. Da kuɗinka gara ɗan gwanjo mai asali, irin su Giant ko Trek ko Raleigh, a kan sabo fil mai walƙiya wanda ba a san gidan da ya fito ba. Kada ka zuba duka kuɗin a kan keken. Rage na hular kwano da fitila gaba da baya da kwaɗo mai ƙarfi. Kuma ka bi ta cikin unguwa ko da za ta ɗan yi nisa, ka bar wa 'yan danfo da tireloli babban titi.

Wani dattijo mai harkar shanu a Oko-Oba ya ce: "Likita ya ce sukarina ya hau, jini ma ya hau, lallai in riƙa motsa jiki. Shekaruna 58. Ina son keke tun ina yaro a Gumel, amma wallahi titin Legas tsoro yake ba ni. Na rasa yadda zan yi, abin yana hana ni barci."

Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Ka kwantar da hankalinka, tsoron nan naka hankali ne, kuma akwai mafita a cikin ɗakinka. Keken motsa jiki na girke, wanda ba ya zuwa ko'ina, zai yi maka abin da likita yake nema ba tare da ka haɗa hanya da kowa ba. Idan za ka saya, hau shi a shagon ka taka na minti biyar. Ka ji ko yana girgiza, ko yana ƙara, ko sirdin yana hawa da sauka daidai tsayinka. Ka tambayi nauyin da aka rubuta zai iya ɗauka. Idan bayanka ko gwiwarka na ciwo, akwai irin wanda ake zama a jingine kamar kujera, shi ya fi dacewa da kai. Tsayin sirdi kuwa ga yadda ake gane shi: ɗora diddigenka a kan feda, idan ta sauka ƙasa ƙafarka ta miƙe sosai, to ya yi daidai. Idan ya yi ƙasa gwiwa ce za ta biya.

Ka fara da minti goma, da saurin da za ka iya magana ba ka haki, ka riƙa ƙarawa sannu a hankali. Ka sa fanka a gabanka, domin zafin Legas a cikin ɗaki ba iskar da ke busar da gumi, ga ruwan sha kusa. Tunda kana shan maganin sukari, koma wurin likitan ka tambaye shi lokacin da ya dace ka hau da abin da za ka ci kafin nan, don kada sukarin ya faɗi. Idan ka ji ƙirji ya ɗaure ko jiri, sauka nan take ka nemi asibiti. In sha Allahu nan da wata biyu za ka rubuto mana da labari mai daɗi.

Yanzu ga wasiƙar da ta tayar mini da hankali. Wani matashi ɗan canji daga tsibirin Legas ya ce: "Na fara fita da masu hawan keke a gadar Lekki zuwa Ikoyi da asubar Asabar, kuma kekena ne mafi muni a cikinsu. Na ga wani a Instagram yana sayar da Pinarello Dogma na kabon, sabo a kwali, naira dubu 700, har da kyautar hula. Ya ce in tura rabi. In tura?"

Ƙanena, kada ka tura ko kwabo. Kai ɗan canji ne, ka fi ni sanin lissafi. Wannan keken tseren da ka ambata na kabon, wato wani irin zare marar nauyi da ake yin jikin keke da shi maimakon ƙarfe, na gaskensa a Turai ya haura dala dubu 10. Buga a kalkuletarka ka gani. Wa zai ɗauko shi daga Italiya, ya biya jirgi da kwastan, ya ba ka a dubu 700 har da gyara? Ɗayan uku ne: ko babu keken sam, kuɗinka kawai ake so; ko na sata ne; ko kuma jabu ne, an samo firam, wato gangar jikin keke, marar suna an fesa fenti an manna sitika. Na ukun ya fi ba ni tsoro, domin biyun farko dukiya suke ci, shi kuwa jiki yake ci.

Bari in faɗa maka abin da na gani da idona a wurin wani bakaniken keke da nake zuwa. Aka kawo masa irin wannan keken, baƙi mai sheƙi, sunan kamfani ɓaro-ɓaro a jiki. Cokalin gaba, wato ɓangaren da ke riƙe da tayar gaba, ya karye daga wuyansa. Bakaniken ya miƙo mini guntun, na sa ɗan yatsa a ciki: gefe ɗaya da kauri, ɗaya gefen kamar ɓawon ƙwai, zaren kabon ya warwatse kamar tsohuwar tabarma. Mai keken yana kwance, haƙoran gaba sun zube, ƙashin wuya ya karye. Wani ɗan rami ya faɗa wanda keken kirki zai wuce ko a jikinsa. Ƙarfe da alminiyam sau da yawa sukan lanƙwashe ko su nuna tsaga kafin su rabu. Kabon marar kyau babu sallama, kana tsaka da gudu zai rabu biyu.

Ita kuma hular kyauta, na fi jin haushinta. Hular kwano ta gaske tana da wani taurarren soso a ciki wanda aikinsa ya murƙushe ya shanye bugun a madadin ƙoƙon kanka. Ta jabu roba ce da aka yi wa ado, wata da babban yatsa za ka danna ta fashe. Duba cikinta, ta kirki tana ɗauke da tambarin gwaji, EN 1078 na Turai ko CPSC na Amurka. Amma masu jabu ma sun iya buga tambari, shi ya sa nake nanata cewa hula a shago mai adireshi ake sayenta, inda za a ba ka rasit, inda za ka iya komawa gobe. Kuma hular da ta taɓa buguwa ta gama aiki ko da ba ka ga tsaga ba, saboda haka a wannan kam ban yarda da gwanjo ba. Haka sarƙa da robar birki: an cika kasuwa da masu ɗauke da sunan Shimano, kamfanin kayan keke, a kwali wanda kamfanin bai san da su ba. Sarƙar jabu takan tsinke daidai lokacin da ka miƙe tsaye kana takawa da ƙarfi, kuma a lokacin ne faɗuwa ta fi muni. Araha ba ta ado, a keke kuwa har jini takan zubar.

Abin da ke ingiza ku duka kunya ce, kada a ga kekenka ya fi na kowa tsufa. Waɗanda suka san keke a wannan gadar kallo ɗaya za su yi wa na jabu su gane shi. Da dubu 700 ɗinka nemi ɗan gwanjo na alminiyam mai kayan Shimano Sora ko Tiagra, ka je da bakanike, ku juya keken ku duba lambar firam a ƙasan gidan feda. Idan an kankare ta, juya ka tafi. Ku bi duk inda aka yi walda kuna neman tsaga, ku juya tayoyi ku ga ko suna rawa. Sai ka hau, ya yi daidai da tsayinka, sannan kuɗi ya fita daga aljihunka.

Wani ya tambaya: "Mai giya 21 da mai giya 11 wanne ya fi gudu?"

Na amsa wannan har na gaji. Ƙafa ke gudu. Giya 21 uku ne a gaba bakwai a baya, kuma galibi a kan kekuna mafi araha ake samunta. Legas shimfiɗaɗɗiya ce, hawan gada ne tudunka, rabin giyoyin ma ba za ka taɓa su ba. Ka tambayi ingancin birki.

Wani ma'aikacin banki a Yaba yana son sayen na'urar Wahoo Kickr, wadda ake ɗora keke a kai a taka a cikin ɗaki, don ya riƙa tsere ta intanet a manhajar Zwift, amma ya ce bai riga ya sayi keken ba.

To me za ka ɗora a kai? Na'urar tana son keke, tana son wuta da intanet da ba sa yankewa, ita kuma manhajar duk wata ake biyanta da kuɗin waje. Sayi keke, hau shi wata shida. Idan damina ta tsare ka kuma har yanzu kana marmari, sai mu yi maganar. Ranar da ka girke shi a ɗaki ka shimfiɗa tawul a kan kan keken, domin gishirin gumi yana cin ƙarfe.

Ta ƙarshe daga wata uwa a Idi-Araba: "Ɗana shekararsa 7, ya haddace izu biyar, na yi masa alkawarin keke. Maƙwabciyata ta ce in sayi babba don ya daɗe yana hawa. Ina tsoron kada in yi asara, ina kuma tsoron kada ya ji ciwo."

Hajiya, Allah ya yi masa albarka, ya sa ya sauke. Tsoronki na biyu shi ne abin bi. Keken da ya fi ƙarfin yaro ba ya iya tsayar da shi, yatsunsa ma ba sa kai wa birki. Yaro mai shekara 7 yawanci taya inci 20 ce daidai da shi, amma ki tafi da shi ya gwada: ya tsaya keken na tsakanin ƙafafunsa, tafin ƙafa biyu a ƙasa, ya matse birki da hannunsa ki ga tayar ta tsaya. Idan ya girme shi, ƙannensa na nan, ko ki sayar ki cika ki sayi na gaba. Ki haɗa masa da hula daidai kansa, ya riƙa hawa a cikin layi ko filin makaranta inda idonki yake kai.