Ki Bar Mata Akosua Ɗinta

'Yata,

Barka da sauka lafiya, Allah ya raya mana ita. Na ji saƙonki. Kin ce maigidanki zai raɗa mata Maryam, sunan mahaifiyarsa, yana kuma so a rubuta Akosua tunda ranar Lahadi ta zo. Ke kuma bakin mutanen Zangon Kumasi kike tsoro, kar a ce kin sallama 'yarki ga Tonawa, wato Asante dangin mijinki, kar yara su sa ta a gaba a makarantar allo. Kina tambaya ko al'adarmu ta yarda.

Ta yarda. Raɗa suna haƙƙin uba ne, a wurinmu da wurinsu. Asante ta wajen uwa suke bin dangi, amma suna daga uba yake fitowa, yakan ɗauko shi daga wani nasa da yake ganin girmansa. Mijinki Musulmi ne, bai kauce wa hanya ba. Sunan rana kuwa, mu ma muna da shi. Da a ɗakina aka haife ta, kafin a yanka rago kowa ya fara kiranta Ladi. Zagaya unguwannin Aboabo da Asawase ki ƙirga Jummai da Asabe da Danlami, waye ya taɓa cewa sun bar addini?

Na san abin da wasu za su kawo miki, cewa a gargajiyar Akan, ƙabilar da Asante suke cikinta, sunan rana yana da alaƙa da kurwa da abin bautarsu. Haka asalinsa yake, ba zan ɓoye miki ba. Amma a gidan mijinki ana salla, kuma abin da suke nufi da shi ranar haihuwa ce kawai. Manzon Allah (SAW) sunan da ma'anarsa ta munana yake sauyawa, kamar Asiya mai ma'anar 'mai saɓo' (ba sunan matar Fir'auna ba) da ya mayar Jamila. Bai ce sai sunan Larabci ba. In zuciyarki ba ta kwanta ba, maigidanki ya je ya zauna da liman kafin ranar. Abu ɗaya nake so ki tsaya a kai: a bikinsu akan ɗiga wa jariri ruwa da giya a harshe don ya tashi mai gaskiya. Ruwa da zuma sun wadatar. Ku faɗa wa dangin tun yanzu, cikin ladabi, kar sai an taru.

Masu cewa an gauraya, yaushe muka zauna ba a gauraye ba? Fataken goro ne kakanninmu, ta Salaga suka biyo. Baturen da ya iso Kumasi a 1817, zamanin Sarkin Asante Osei Bonsu, ya tarar da malamai Musulmi a kusa da fada. Tun ba a haife mu ba ake auratayya. Kofi Annan a garin nan aka haife shi a 1938, da sunan Juma'arsa ya shugabanci Majalisar Ɗinkin Duniya.

Abin da ya fi damuna ke ce. Yaro a fuskar uwarsa yake karanta sunansa. In surukarki ta rangaɗa "Akosua!" a tsakar gida kika sunkuyar da kai, ko kika yi saurin gyara mata a gaban baƙi, yarinyar tana gani, za ta tashi tana jin rabin jininta abin kunya ne. Za a tsokane ta, wannan babu makawa. A Zango a ce mata Batoniya, a wajen dangin uba wani mara kunya ya ce 'yar Zango. Ki koya mata amsa tun tana ƙarama: Maryam kakata ce, Akosua ranata ce. Ta iya Hausa, ta iya Twi, ta shiga kasuwar Kejetia ta yi ciniki da kowa.

Ke ma dai ba za ki iya kiran Maryam ɗin ba, sunan surukarki ne. Sai ki nemo lakabi, Ummi ko Mama.

Ku yi mata takardar haihuwa kafin ta cika shekara, lokacin kyauta ake yi. Yadda aka jera sunayen a ciki, haka za a rubuta a katin asibiti da makaranta, kar a sauya harafi ko ɗaya, don kar ta sha wahala ranar karɓar Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa.

Zan iso tun jajibiri. Ki ce a yi wa wanzami magana da wuri, goro da dabino kuma ki bar mini.

Gwaggonki