Irin Ziniya Tun Yana Fure Ake Zaɓensa

Sani, ka ce irin ziniyar da ka ajiye bara ya ba ka kunya: rabinsa bai tsiro ba, wanda ya tsiro kuma ya fito da furanni ƙanana masu layi ɗaya na ganyen fure, kusan duk kala guda, alhali iyayen manya ne cike taf, da ja da rawaya da fari. Kana tambaya ko taki ne ya yi kaɗan. Ba laifin taki ba ne, yarona. Abin ya lalace ne tun a ranar da ka yanke shawarar wane fure za ka bari ya yi iri.

Ka tuna yadda ka yi. Duk furen da ya yi kyau ka yanke shi ka kai wa masu adon biki, sai da ka gama yanka ka bi kunya kana tsintar waɗanda suka rage. To waɗanne ne suka rage? Waɗanda babu mai so. Su ka mayar iyaye. Manomin gero ba ya jira ya cinye rumbu sannan ya share ƙasa ya ce ga iri. Tun a gona yake ware manyan zangarniyoyi ya ɗaure daban. Haka ziniya take so.

Akwai dalilin da ya sa take saurin komawa baya. Asalinta daga ƙasar Meziko ne, kuma a dajin can layi ɗaya take da shi, launinta ya fi karkata ga shunayya. Sai a ƙarni na 19 masu lambu a Turai suka fara yaɗa masu cika, suka yi ta zaɓe shekara da shekaru. Ka ɗauko fure ɗaya mai layi guda ka duba tsakiyarsa da kyau. Za ka ga wasu 'yan mitsi-mitsin taurari rawaya sun kewaye tudun tsakiya. Kowane ɗaya fure ne mai zaman kansa, kuma su ne ke ɗauke da garin da ƙudan zuma da malam-buɗe-littafi ke kwasa. Yanzu duba mai cika: da ƙyar za ka ga taurarin nan, ganyen fure ya cinye wurin. Ke nan mai layi ɗaya ya fi yawan gari, ya fi yawan 'ya'ya, kuma garinsa ne ƙudan zuma ke kai wa sauran. In ka zuba ido ba ka sa hannu ba, kowace shekara shi zai ƙara rinjaye har ya mamaye lambun.

Don haka aikin ajiyar iri yana farawa ne da furen farko. Da zarar sun fara buɗewa, ka zaga da safe da guntun tsumma ja a aljihu. Shukar da ka ga kararta ya tsaya ƙyam, ganyenta babu tabo, furenta babba kuma cike, ka ɗaura mata tsumma a wuya. Wannan ko nawa aka taya ba na sayarwa ba ne. Na san da zafi, don shi ne mai kuɗi, kuma shi idon kwastoma ke fara faɗawa. Ka daure. Kada kuma ka tsaya kan gindi ɗaya ko biyu, ka zaɓi kamar goma zuwa sha biyar don irin ya riƙe ƙarfinsa. Masu layi ɗaya da raunana kuwa, tumɓuke su tun kafin ƙudan zuma su yi aiki a kansu.

In kala ɗaya kake so zalla, fari misali, sai ka raba shi da sauran, ka kai shi bayan gida ko wani lambun daban. In wuri ya yi maka kaɗan, ka lulluɓe kan da guntun gidan sauro tun bai buɗe ba, in ya buɗe ka ɗebo gari daga ɗan'uwansa fari da gashin kaza ka shafa masa, ka mayar da lulluɓin. Aiki ne mai cin lokaci, amma fari tsantsa yana da kasuwa a wurin masu biki. Sannan ka riƙa karanta fakitin da kake saye. In ka ga an rubuta F1, iri ne mai aure, daidai da masarar nan da manoma ke sabunta saye duk shekara. Zai yi maka kyau a shukar farko, amma 'ya'yansa kowa kamarsa daban.

Yanzu maganar rashin tsiro. Na ga ledar da ka zuba irin a ciki, na kuma ji warinta. Ka tsinke kawunan da sauran ɗanyensu, a cikin ruwan Agusta, ka ƙulle a baƙar leda. Fumfuna ta gama da su kafin hunturu ya shigo. A nan Kano, shukar da kake nufi da iri ka yi ta a ƙarshen Yuli ko farkon Agusta, a kan kunya mai tudu don kada ruwa ya kwanta mata. Wata biyu take ɗauka ta fara fure, sannan kan yana buƙatar wata ɗaya zuwa sati shida kafin ya nuna. Ka ga lissafin ya kai ka Oktoba da Nuwamba, ruwa ya ɗauke, iska ta bushe, sai dai ka riƙa taimaka mata da ban ruwa. Wadda aka shuka da ruwan farko a Yuni ta yanka ce kawai, don kanta zai nuna tun ruwa bai ɗauke ba, ya ruɓe, wani ma ya tsiro tun yana kan kara.

Kan da ya nuna ba ya ɓoyuwa. Ya zama ruwan ƙasa, ganyen furen ya yi ƙayau, wuyan karan da ke ƙarƙashinsa ya bushe. Kama ganyen fure ɗaya ka ja a hankali: zai fito da ƙwayar iri manne a gindinsa, mai siffar kan kibiya. Matsa ta tsakanin yatsa biyu. Mai rai tana da kauri da tauri, launinta toka-toka ko ruwan ƙasa mai duhu, ba ta lanƙwasa. Wadda ta lanƙwashe, fara sol, siririya, fanko ce, ko ka shuka ɗari ba abin da zai fito. A tsakiyar kan ma akwai iri, ya fi faɗi kuma ba shi da wutsiyar ganye. Shi ma yana tsirowa. Ka lura da tsuntsaye a wannan lokacin, sun san ya nuna kafin kai.

Ka yanke da rana bayan raɓa ta tashi. Baza kawunan a faifai a inuwa, inda iska ke ratsawa, sati ɗaya zuwa biyu. Sai ka murje da tafin hannu, ka sheƙe a hankali, don irin ba shi da nauyi, iskar hunturu za ta iya tafiya da shi tare da ƙaiƙayin. Zuba a ambulan na takarda, ka rubuta kala da shekara. In ka tabbata ya bushe ƙurmus, ka sa ambulan ɗin a kwalba mai murfi. Kada ka rataye a ƙarƙashin rufin kwano. Zafin Maris da Afrilu, da kan haura digiri 40, yana kashe iri ko da ya bushe. Ƙuryar ɗakin ƙasa ta fi. In an adana shi haka yakan kai shekara uku da ransa, amma ni na fi son sabunta shi kowace kaka.

Shukar kanta ba ta da wahala. Rana take so, awa shida ko fiye. Zurfin rabin santimita ya isa, kuma kafin sati ta tsiro. Ba ta son a taɓa saiwarta, don haka ka shuka inda za ta zauna, ko a ledar reno ka dasa da ƙasarta. Bar tsawon rula, santimita 30, tsakanin gindi da gindi. In ta kai tsawon taƙi ɗaya da 'yan kai, ka tsinke mata tsinin sama don ta yi rassa. Ruɓaɓɓen takin awaki ya wadatar. Yuriya da yawa ganye zai ba ka. Ban ruwa kuma a gindi, da safe. Ganyen da ke kwana a jiƙe shi ke yin tabo, cunkoso kuma shi ke kawo farin garin nan da ke hawa ganye, shi ya sa na nace da tazara.

Sauran irin da ke hannunka kada ka zubar tukuna. Ƙirga ƙwaya goma ka naɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle, ka ajiye a inuwa kana yayyafa ruwa. Bayan sati ka buɗe. In bakwai sun fasa, za mu shuka shi a kunyar bakin katanga don yanka kawai. Na iri kuwa, gobe ka zo da wuri in ɗebar maka daga kwalbata, ka taho da tsummanka.