Amsa ga ƙanenmu mai tambayar aikin injin wankin roba

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce an yi maka tayin aiki a wani wurin wankin roba nan Yamai, ba ka taɓa riƙe injin ba, kana son sanin abin da ya kamata ka iya kafin ka je. Wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi, don ni ma haka aka ɗauko ni daga kasuwar Katako ina dako, aka nuna mini maɓalli kore da ja, aka ce karatu ya ƙare.

Kunnawa da kashewa ko yaro zai iya. Aikin yana ido. Ka koyi sanin roba tun kafin ta shiga injin niƙa. Juya gindinta ka ga lamba: 1 ita ce PET, robar ruwa da lemo, 2 jarka, 4 leda, 5 bokiti da kujera, 3 kuma PVC, irin robar tiyo, ita ce annobar. A kwamin ruwa murafe da ledar tambari suna tasowa sama, PET tana nutsewa, haka ake raba su. To PVC ita ma nutsewa take, ruwa ba ya fidda ta, sai hannun mai tsinta. In ta bi PET zuwa wurin narkarwa ƙonewa take, ta baƙanta kayan, mai saye ya maido maka lodinka.

A nan ne aka cuce ni. Mai gidanmu na lokacin, Allah ya isa tsakanina da shi, ya sayo kaya masu araha cike da guntayen tiyo da robobi masu rigar PVC, ya kuma rage mata masu tsinta wai suna cin kuɗi. Na same shi na ce Alhaji, kayan nan ba su tsintu ba. Ya ce ni aka ɗauka wanki ko wa'azi? Na wanke. Da mai saye ya ƙi kayan, gaban kowa ya tsayar da ni, har da yaran da nake koya wa aiki, ya ce ni na lalata masa dukiya, ya riƙe kuɗin watana. Azumi ya kusa, mai ɗakina na da tsohon ciki. Na yi ta zarya ƙofar gidansa, yaronsa na cewa ya fita, ga motarsa ina kallo. Ƙarshe jika 5 ya miƙo mini ta tagar mota, ko fuskata bai duba ba. Har yau in na bi ta layin sai na ji ɗaci a maƙogwarona. Saboda haka ka sami ɗan littafi, duk lodin da ya shigo ka rubuta kilo nawa, daga wa, me ka gani ciki, ka nuna wa shugaban aiki tun kafin ka kunna. Kuɗinka ma a yanke shi gaban shaidu.

Sai soda, irin ta masu yin sabulu. Ita ke cire gam da maiƙo a ruwan zafi, wajen digiri 80, kuma kaɗan ake sawa, kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari. Masu ganin in an ƙara za ta fi wankewa ɓarna suke, ɗauraya ta yi wuya, kayan su fito da santsi. Soda ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa kan soda, tafasa take ta fantsamo. In ta taɓa ido ko fata, ruwa mai gudu minti 15 ko fiye, sannan likita. Kada ka yarda da mai cewa a shafa mai. Safar hannu doguwa da tabarau da takalmin roba, in ba su ba ka ba ka saya da kuɗinka, na san zafin watan Afrilu ba ya barin mutum ya so sa su, amma dai ka sa.

Kunne ma aiki yake. Injin niƙa in wuƙaƙensa sun dakushe kukansa na sauyawa, gari ya yi yawa, motar da ke juya injin ta yi zafi. Yashin garin nan shi ke cinye wuƙa, don haka a kakkaɓe kaya ko a jiƙa su tukuna, a kuma duba ƙusa da waya da dutse. In layin wuta ɗaya ya faɗi cikin ukun da ke shiga injin za ka ji mota na gurnani ba ƙarfi, kashe nan take kafin ta ƙone, in ba haka ba kai za a ɗora wa. Kuma don girman Allah, in an ɗauke wuta kaya suka cushe, kada ka sa hannu sai ka sauke babban makunni ka sa kwaɗo, makulli na aljihunka. Wuta ba ta sallama in za ta dawo. Mai gidan nan da nake faɗa maka tsaye yake kanmu yana cewa ku yi sauri ku zaro, shi kuwa hannunsa na cikin aljihun babbar riga.

Bidon maganin ƙwari na gona kada ya shiga, na baƙin mai kuma a ware shi daban, guda kaɗan sun isa su ɓata ruwan kwami duka. Ruwan ma ka riƙa dubansa, in ya yi kauri datti kake mayar wa kayan. A bar shi ya kwanta a rami a kwashe laka, ba a sake shi kwata ya gangara kogin Isa ba, maƙwabta za su zo kuma kai za su tarar bakin injin. Busarwa kuwa, damƙi kayan da hannu, in ka ji sanyin danshi ba su isa buhu ba, masu saye da yawa danshi ƙasa da kashi 1 cikin ɗari suke nema.

Ban ce kada ka je ba fa, sana'a ce, da ita nake ciyar da gidana, kuma wurin da nake yanzu mutanen kirki ne. Ranar farko ka nemi tsohon ma'aikacin da ya fi daɗewa, ka saya masa shayi, ka tambaye shi ko ana biya kan lokaci da dalilin tafiyar wanda ka gada. Ka kuma duba ko akwai famfo kusa da tukunyar soda, ka zo ka faɗa mana.