Ƙarfe iri ɗaya suka ɗaga, amma ɗaya ya kasa miƙe hannu

Yarona, na ga saƙonka. Ka ce sababbin mutum biyu suka zo wurinka a ɗakin motsa jiki rana ɗaya, sa'o'in juna, girman jikinsu kusan ɗaya, ka ba su ƙarfe mai nauyi ɗaya suka yi aikin damtse, kana tsaye kana ƙirga musu. Bayan kwana uku ɗaya ya dawo garau yana neman ƙari, ɗayan kuwa ya zo hannu a lanƙwashe, ko maɓallin rigarsa bai iya sawa ba. Shi ne kake tambaya: "Maigida, ni na yi kuskure, ko shi ne rago?"

Ba rago ba ne. Wannan zargin ka fara cire shi daga ranka, domin duk kocin da ya saba kiran mai tsamin jiki rago, wata rana zai tura mutum gadon asibiti. Kuskure kam akwai shi, amma ba a nauyin ƙarfen yake ba. Ka ɗauka tunda aikin ɗaya ne, abin da zai yi wa jikinsu ma ɗaya ne, alhali ba a taru an zama ɗaya ba.

Bari mu fara da inda ɓarnar take faruwa. Idan mutum ya ɗago ƙarfe zuwa kafaɗa, tsokar damtse tana dunƙulewa. Idan yana sauke shi a hankali, tsokar tana miƙewa ne alhali tana riƙe da nauyi, kamar igiyar da ake sassautawa da kaya rataye a ƙarshenta. A wannan saukewar zaruruwan tsoka kaɗan ne suke ɗaukar nauyin, shi ya sa wasunsu ke samun ƙananan tsagewa da ido ba ya gani. Dalilin da ya sa gangara tudu da gudu ya fi hawansa tsamin cinya ke nan. Daga nan jiki sai ya aiko da ƙwayoyin gyara, wurin ya kumbura, jijiyoyin jin zafi su ƙara kaifi. Tsamin yakan fara bayan awa 12 zuwa 24, ya kai ƙololuwa tsakanin kwana ɗaya da uku, ya washe cikin mako guda. Za ka ji ana cewa wai laktik asid ne ya taru a tsoka. Ba shi ba ne. Wannan jiki yana share shi cikin kamar awa ɗaya bayan an gama atisaye. Tun a 1902 wani masani ɗan Amurka, Theodore Hough, ya ce tsagewar zaruruwa ce ke kawo irin wannan tsamin mai zuwa a makare.

To, yanzu ga abin da ka gani da idonka, masana ma sun gani a gwajin jini. Akwai wani sinadari a cikin tsoka da ake kira kiriyatin kaines, a takardar gwaji za ka ga an rubuta CK. Idan tsoka ta tsage sai ya tsiyayo cikin jini. A mutum mai hutu yakan tsaya ne a 'yan ɗaruruwa ko ƙasa da haka. Priscilla Clarkson da abokan aikinta na Jami'ar Massachusetts sun wallafa wani bincike a 2006: mutum 203 masu lafiya, kowa ya yi saukewa 50 da damtse da iyakar ƙarfinsa. A kwana na huɗu, 111 daga cikinsu CK ɗinsu ya haura 2,000, mutum 51 kuma ya haura 10,000. Sauran fa? Kusan rabin taron ko 2,000 ɗin ba su kai ba. Ka duba da kyau: na'ura ɗaya, ƙirga ɗaya, masu sa ido ɗaya. Idan a ɗakin bincike aka sami wannan tazarar, ina ga ɗakin motsa jikinka da kowa ya shigo da tarihinsa?

Tarihin nan shi ne babba, kuma shi ne ya fi shiga hannunka. Tsoka tana da tunawa. Idan ta sha wani irin aiki sau ɗaya ta warke, in an maimaita shi bayan mako biyu ko uku ɓarnar ba ta kai ko kusa da ta farko ba, kuma wannan kariyar tana iya kaiwa watanni. Amma kariyar ta aikin da tsokar ta saba ce. Mai gudun nisa kullum yana iya zama ɗanye sharaf a damtse. Ƙafa ma gaba ɗaya ta fi hannu juriya, tunda kullum tana tashi da zama da sauka daga bene. Wanda ya dawo maka garau, ka bincika, mai yiwuwa aikinsa na yau da kullum ɗaukar kaya ne da saukewa, jikinsa ya riga ya biya bashin tun kafin ya san ka.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne tsohon hannu da ya yi shekara ɗaya ko biyu bai taɓa ƙarfe ba. Zuciyarsa da ƙwarewarsa suna nan, ya san yadda ake cije haƙori a ƙarasa, amma kariyar tsokarsa ta tafi. Na taɓa samun irinsa. Ya ce mini ya san komai, na kuwa ga riƙonsa na gwani ne, na bar shi ya yi yadda ya saba a da. Kwana biyu ya kira ni, ya ce damatsansa sun kumbura sun yi tauri kamar itace, fitsarinsa kuma ya koma ja mai duhu kamar ruwan tsatsa. A ranar na kai shi asibiti, ya kwana uku ana masa ƙarin ruwa. Allah ya sa ƙodarsa ta tsira. Tun daga nan ban ƙara auna mutum da abin da ya ce yana ɗagawa a da ba.

Akwai kuma abin da aka haifi mutum da shi. Zubin zaruruwan tsoka da yadda jiki ke tayar da kumburi sun bambanta ta hanyar gado, wannan ba ka da iko a kai. Yara ƙanana ba sa tsami kamar manya. Maza CK ɗinsu ya fi na mata yawa tun a hutu, haka na baƙar fata ya fi na farar fata, shi ya sa lamba kaɗai ba ta isa a yanke hukunci ba. Abin da nake so ka riƙa tambaya shi ne rukunin jini na sikila. Wani bincike da aka wallafa a 2016 kan sojojin Amurka baƙaƙen fata kusan 48,000 ya nuna masu AS sun fi sauran haɗarin narkewar tsoka bayan aiki mai tsanani da kashi 54 cikin ɗari. Ba hana su atisaye za ka yi ba, da yawansu manyan 'yan wasa ne. Hutawa tsakanin zagaye, shan ruwa da hawa mataki-mataki suke buƙata, musamman a zafi.

Sauran dalilan na ranar ne: zafin yanayi, ƙarancin ruwa a jiki, giya, zazzaɓi ko mura da ba a gama warkewa ba, da magungunan rage kitsen jini na dangin sitatin. Minti biyu sun isa ka tambayi duk wannan.

Abin da ya ɗauke ni shekaru kafin in gane shi ne zafi ba ma'auni ne mai kyau ba. Wani yana ihu amma tsokarsa ba ta ji jiki sosai ba, wani yana murmushi alhali rabin ƙarfinsa ya tafi. Ƙarfi za ka auna. Ka ba shi ƙarfen da ya ɗaga sau goma ranar farko, ka ga sau nawa zai iya yau ba tare da kafaɗa da baya sun shigo taimako ba. Ka sa shi ya saki hannayensa a gefe ka kalli gwiwar hannun, ta miƙe ko ta tsaya a lanƙwashe. Ka zagaya tef a damtsen, ka gwada da awon ranar farko. Wannan ya shafi wanda ya dawo yana neman ƙari ma. Kada fara'arsa ta ruɗe ka.

Mutumin naka mai lanƙwasasshen hannu kuwa, yau ɗin nan ka kira shi, kada ka jira ya zo. Tambaye shi launin fitsarinsa da yawansa. Idan ya yi duhu, ko ya ragu sosai, ko kumburin yana ƙaruwa, ko yana amai, ko yatsunsa suna mutuwa, to asibiti yanzu, ya faɗa musu irin aikin da ya yi don su gwada CK da ƙoda. Duhun nan mayogulobin ne, sinadarin tsoka da ke zubowa cikin jini, yana kuma iya toshe ƙoda. Wannan ba hurumin koci ba ne. Ka kuma gargaɗe shi kada ya yi ta haɗiyar ibuprofen ko diclofenac, domin suna ƙara wa ƙoda nauyi a daidai lokacin da take fama. Idan fitsarin garau yake kuma tsamin yana raguwa, ya sha ruwa, ya riƙa motsa hannun a hankali, ya yi tafiya, amma damtsen nan kada ya ga ƙarfe sai gwiwar hannun ta miƙe sarai kuma ƙarfinsa ya dawo.

Sabon mutum na gaba, ranar farko ka ba shi abin da ka tabbata ƙarfinsa ya fi shi nesa, zagaye ɗaya ko biyu, ya tsaya da sauran ƙarfi a jikinsa. Ba saukewa a hankali da nauyi mai yawa, ba "ƙara ɗaya" bayan ya gaji. Zai yi maka ƙorafi cewa ko gumi bai yi ba. Ka gaya masa aikin yau riga-kafi ne, don ko saukewa mara nauyi tana fara gina kariyar da na faɗa maka. Ka rubuta abin da ya yi a littafinka, ka dube shi a kwana na biyu da na uku, sannan ka tsara masa mako na biyu bisa abin da jikinsa ya nuna. Idan ka yi magana da mutumin naka, ka kira ni in ji yadda yake.